Zangon Ƙarshe da Tumakin Shimá

Litinin, 7 ga Afrilu, da hantsi

Ina cikin mota a bakin kwaleji. Na kasa shiga aji na biyu, na kuma kasa tayar da motar in tafi gida.

Yau Malama Etsitty ta mayar mana da tsarin kasuwancin da kowa ya rubuta. Shi ne aikinmu na ƙarshe. Ranar ɗaya ga Mayu kowa zai tsaya gaban mutum uku ya kare nasa, daga nan sai bikin kammalawa. Shekara biyu ke nan ina fama da wannan difloma ta tafiyar da kasuwanci a kwalejin ƙabilarmu, ni Verlinda da na bar aikin sayar da kaya a gidan mai, na haura arba'in, na zo na zauna kujera ɗaya da 'ya'yan ƙawayena.

Tsarina ba shi da wuya. Ɗan shago ne: zaren ulu daga tumakinmu, rinin itatuwa, da dardumar da Shimá ke saƙawa, haka muke kiran uwa a harshenmu. Mahaifiyata ce mai kaɗi, ita ce mai rini, ita ce mai saƙa. Nawa ciniki da lissafi. Malama ta yaba, ta ce ta ga na san kasuwata. Amma a gefen wani shafi ta ja layi da jan biro ta rubuta: in mai rinin ta kwanta ciwo wata guda, wa zai riƙe tukunyar?

Bayan an tashi na same ta na ce Shimá ba ta taɓa kwanciya ciwo ba. Ko haihuwarmu da ta yi, washegari tana cikin garke. Gaskiya na faɗa. Ta ce madalla, amma duk da haka in rubuta amsa.

Lafiyarta ƙalau. Abin da ya faru ranar Asabar kowa yana iya yinsa. Ni ma na taɓa mance buta a wuta.

Talata, 8 ga Afrilu, da sassafe

Na sayo sabuwar buta. Kafin in fito na rufe tukunyar gas daga waje, na bar mata kofi a fulas. Ban gaya mata ba.

Laraba, 9 ga Afrilu, da yamma

Rolanda ta tare ni tun a ƙofa. 'Yar ajinmu ce, danginmu ɗaya ta wajen uwa, shi ya sa take ce mini Yaya in tana son wani abu, Manaja in tana son tsokana. Kullum da safe tana sayar da naɗin gurasa da ƙwai da dankali daga bayan motarta, tsarinta kuma shi ne ta sami motar abinci ta gaske mai taga. Ta ce, "Manaja, wannan fuska fa? Shagon bai buɗe ba har an karye?" Ta tura mini naɗi ɗaya ta ce in ci, kada in faɗi a aji a ce abincinta ne.

Darasin yau a kan haɗari ne, abubuwan da ke iya kayar da kasuwa tana tsaye: gobara, fari, mai kawo kaya ya saɓa, abokin ciniki ya gudu. Ina ta juya waya a cinya. Wauta ce, don gidanmu ba sabis sai an hau tudu, ko da wani abu ya faru wayar ba za ta yi ƙara ba. Da na tuna haka sai zaman ya gagare ni gaba ɗaya. Na tattara littattafai na fita Malama tana tsakiyar magana.

Na ƙure mota a kwalta, na ƙure ta a burji, har gangunan ruwa suna tsalle a baya. Na isa na same ta zaune gaban masaƙarta, ƙafa a lanƙwashe, tana buga zare. Ta ɗago ta ce, "Yau ba makaranta?" Kunya ta kama ni. Na ce an tashe mu da wuri.

Da na kawo mata abinci na tsaya a bayanta na kalli dardumar. Daga ƙasa zuwa tsakiya aikin Shimá ne, layi kamar an ja da wuƙa. Daga nan zuwa sama zanen ya kauce, ya nufi wani wuri, ya dawo, ya sake kaucewa. A ƙasa kusa da gwiwarta ga tulin zaren da ta warware.

Idonta ne. Ya kamata a canza mata tabarau.

Juma'a, 11 ga Afrilu, tsakar rana

Jarrabawar lissafin kasuwanci. Na karanta tambaya ta farko har na haddace ta, ban gane me take nema ba.

Asabar, 12 ga Afrilu, bayan faɗuwar rana

Zan rubuta yanzu, don in ban rubuta ba gobe zan ce ƙari na yi.

Na tafi ɗebo ruwa da safe, ita kuma ta fita da garke kamar kullum. Na dawo ina sauke ganguna sai ga tumaki suna shigowa su kaɗai, karenmu yana binsu. Na tsaya ina jiran in hango jan kallabinta a bayansu. Babu.

Na bi sawu da ƙafa, na dawo na ɗauki mota, na je famfon da iska ke juyawa, inda suke shan ruwa, na je gidan maƙwabta, na sake komawa famfon kamar wadda aka ce ta ajiye abu a can. Na kira ta har muryata ta dishe. Rana ta karkata kafin tsohon garken dutse na iyayenta ya faɗo mini a rai, can bayan busasshiyar ƙorama, inda ba wanda ya zauna tun kafin a haife ni.

Tana can. Zaune a kan dutse, ta shimfiɗa siket ɗinta tsaf, ta ɗora hannu a cinya. Na sauko da gudu, bakina cike da faɗa. Sai ta miƙo mini hannu a hankali, irin taɓawar da ake yi wa baƙo, ta gaishe ni. Ta ce tana jiran mahaifinta ne, ya tafi kanti da keken doki, yanzu zai dawo. Sannan ta dube ni da kyau ta ce, "Ke 'yar wane dangi ce?"

Ban san lokacin da na amsa ba. Na ce ni 'yar dangin Ruwa Mai Ɗaci ce ta wajen uwa, dangin ubana kuma Dogon Gida.

Fuskarta ta washe. Ta ce, "Ashe 'yar'uwa ce. Ni ma Ruwa Mai Ɗaci ce."

Na ce mata tunda dangi ne, ta zo in rage mata hanya, mahaifinta zai same ta a gida. Ta tashi ta shiga mota. Tana ta yaba motar, tana tambaya ko tawa ce. Muna haye ƙorama, ba tare da ta juyo ba, ta ce, "Verlinda, kin rufe ƙofar garke kuwa? Ke dai kullum sai an tuna miki."

Na ce na rufe, Shimá.

Lahadi, 13 ga Afrilu, da safe

Na hau tudu na kira Yaya Harlan a birnin Phoenix. Na shirya magana tun daga gida, amma da ya ɗauka sai na ji ina tambayarsa yara. Shi ya gane. Ya ce zai nemi hutu.

Ita kuwa ta tashi tun duhu, ta fita gabas ta yi addu'arta da garin furen masara, ta dama mana kunun shuɗiyar masara mai toka, bai yi ruwa ba bai yi kauri ba. Wa zai kalle ta ya ce wani abu?

Laraba, 16 ga Afrilu, da yamma

Mun kai ta asibitin gari, ni da Yaya. Ta saka kayan adonta na azurfa kamar mai zuwa biki.

Likitan matashi ne mai ladabi, da tafinta a gefensa. Ya tambaye ta yau wace rana, ta ce ranar da ba ta fita da tumaki ba. Muka yi dariya har shi. Ya ce ta zana agogo a takarda, ta ce ita agogonta a sama yake, bai taɓa tsayawa ba. Muka sake dariya. Ina cewa a raina, ka gani ko, ka gani ko. Sai ya tambaye ta 'ya'yanta nawa. Ta kalli Yaya, ta kalle ni, ta yi mana murmushin nan na baƙunta.

Daga baya ya kira mu gefe ya faɗi wata kalma. Tafinta ya ce ba ta da takwara a harshenmu. Ban nema mata ba. Ya yi bayani mai tsawo a kan abin da zai biyo baya, Yaya yana gyaɗa kai yana tambaya, ni kuma ina kallon wani hoton huhu a bango.

A hanya mun tsaya mun sai mata farfesun rago da soyayyar gurasa. Ta ce naman ba na gida ba ne, ragon nan bai taɓa tafiya da ƙafarsa ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da hantsi

Ya kamata a ce ina aji. Ina ƙarƙashin rumfa ina wanke kwanon da na riga na wanke.

Jiya da muka dawo Yaya ya kira ni gefe ya shimfiɗa mini nasa tsarin, a tsare, kamar shi ne ɗalibin. A yi askin tumaki a ƙarshen wata, a sayar da garken, a mayar wa hukuma takardar izinin kiwo, ya tafi da ita Phoenix. Suna da ɗaki a banza, matarsa ma'aikaciyar jinya ce, asibiti na bayan layinsu. Ya ce nan ko motar asibiti aka kira sai ta ɓata kafin ta same mu. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, shi ne ya fi ba ni haushi.

Na ce tumakin nan daga kakar kakarmu suka gangaro, ba na namiji ba ne balle ya sa musu rana. Na ce Shimá ba ta taɓa kwana uku a jere a gidan da ƙofarsa ba ta kallon gabas ba.

Ya ce, "Ke dai faɗi gaskiya, shagonki kike gani. In ta tafi wa zai saƙa miki?"

Na ce, "Kai da ba ka san hanyar gidan nan ba sai an yanka rago?"

Ya shiga motarsa ya zauna, bai tayar ba. Ni ma na shiga tawa. Muna zaune a mota biyu a tsakar gida kamar mahaukata, har Shimá ta leƙo ta ce ina za mu ba mu ci abinci ba.

Ya koma yau da safe. Ya ce zai zo aski.

Juma'a, 18 ga Afrilu, da yamma

Ba shagon nake gani ba.

Asabar, 19 ga Afrilu, da yamma

Ko shi nake gani?

Litinin, 21 ga Afrilu, tsakar rana

Ban je ba. Na bi ta kiwo. Ta ce me nake bin ta kamar ɗan rago maraya. Iska tun safe, yashi har cikin haƙori. Na tafi da littafi a jaka, na dawo da shi ban buɗe ba. Na zauna, na tashi, na kewaya garke, na dawo na zauna. Ta ce in zama ya gagare ni in je in yi shara.

Sau biyu yau ta tambaye ni ko mahaifinta ya dawo. Na ce tukuna.

Talata, 22 ga Afrilu, da yamma

Na roƙi Inna Bessie, ƙanwar Shimá, ta zauna da ita, na tafi kwaleji da niyyar ajiye zangon. Na sami Malama Etsitty a ofis tana cin abinci a kan takardu. Ban gaya mata kalmar ba. Na ce dai gida ba daɗi, ba mai zama da tsohuwa.

Ba ta yi mini wa'azi ba. Ta ajiye cokali ta ce saura mako biyu, kuma ta ga mata da yawa sun ajiye a daidai nan suna cewa za su dawo baɗi, har yau tana gaisawa da su a kasuwa. Ta ce jarrabawar lissafi zan iya sakewa. Sannan ta ce, "Ki zo da ita mana. Wasu da goyo suke zuwa. Akwai kujera mai laushi a bayan aji."

Na fito da ɗan sauƙi a ƙirji. Rolanda ta ce za ta ajiye wa tsohuwa naɗi mai nama, kyauta, amma kada in saka shi a lissafin ribarta.

Alhamis, 24 ga Afrilu, da yamma

Da ban kai ta ba.

A mota lafiya lau, tana nuna mini gonakin mutane tana faɗin na wane da na wane. A ƙofa ta karɓi naɗin Rolanda, ta tambayi danginta, suka yi ta raha. Na zaunar da ita a bayan aji da mazarinta da ulu, ta fara kaɗi, yara suna juyowa suna kallo cikin sha'awa. Na ce a raina, shi ke nan, an sami mafita.

Sai Malama ta rufe ƙofa, ta ɗauki alli ta fara rubutu a allo da Turanci.

Na ji mazarin ya faɗi. Da na waiwaya ta miƙe zaune, ta haɗe gwiwa, ta sunkuyar da kai, hannu biyu a kan cinya. Na je na durƙusa na yi mata magana da harshenmu. Ta damƙe hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta raɗa mini, "Yi shiru. In suka ji ki za su sa miki sabulu a baki."

Tana da shekara bakwai aka ɗauke ta zuwa makarantar kwana ta gwamnati. Iyakar abin da ta taɓa gaya mana ke nan, sai kuma cewa abincin ba daɗi.

Na ce mata nan makarantarmu ce, ta mutanenmu, Malama ma tamu ce. Malama ta zo da kanta ta durƙusa ta gaishe ta da harshenmu, ta faɗi danginta. Shimá ba ta ɗago ba. Tana ta tambaya a hankali yaushe za a bar ta ta koma gida. Rolanda ce ta buɗe ƙofa, muka fito da ita a tsakaninmu.

Na tuƙa mu har muka sauka daga kwalta. Da ta hango garke ta sauke ajiyar zuciya, ta ce iska za ta lafa gobe.

Ni na kai ta. Da hannuna na kai ta, don kada in rasa darasi.

Asabar, 26 ga Afrilu, bayan faɗuwar rana

Askin tumaki. Dangi sun cika gida, Yaya ya iso tun safe, mun gaisa ba mu haɗa ido ba.

Yau kam Shimá ce. Ta ɗaure kallabi ta tsaya a ƙofar garke tana ba da umarni, wace za a fara kayarwa, wace ke da ciki a bi ta a hankali, wane ne ke riƙe almakashi kamar mai yankan kwano. Ta yi wa Yaya tsiya ta ce hannunsa ya zama na 'yan birni, ko tunkiya ba ta jin tsoronsa. Ya yi dariya har da hawaye, ban san na mene ne ba. An yanka rago, Inna Bessie ta gasa haƙarƙari, aka ci aka ƙoshi. Ulu ya taru buhu-buhu a ƙarƙashin rumfa.

Duk wanda ya zo yau zai tafi yana cewa ƙarya muke yi mata. Ni ma na so in yarda.

Ba a yi maganar sayarwa ba. Amma na ga mai tirelar kwasar tumaki ya kira Yaya a waya, ya fita can nesa ya amsa.

Lahadi, 27 ga Afrilu, da yamma

Ganin jiya ya sa na yi ƙarfin hali. Na hura wuta a waje, na ɗora tukunyar rini, na ce Shimá ta nuna mini jan nan mai duhu, wanda ya yi kama da dutse bayan ruwan sama. Shi ne mutane ke tambaya a kasuwa, ba mai yinsa sai ita. Shekara da shekaru tana ce mini in zo in koya, ina cewa sai na sami hutu.

Ta fito da saiwoyinta da ɓawon itace, ta baje su a kan zane. Ta ɗauki wannan ta ajiye, ta ɗauki wancan ta shinshina. Na tambaya wanne ake fara sawa, kuma toka kafin ne ko bayan ya tafasa. Ta daɗe tana kallonsu. Sai ta ture zanen ta ce me nake damunta, in je in tambayi mahaifiyarta, ita ce mai rinin. Ta shige ɗaki.

Na tambayi Inna Bessie, ta ce ita rawaya da toka-toka kawai ta iya, jan nan yayarta ce aka koya wa.

Na gwada ni kaɗai. Na sami kalar taɓo. Na sake, na sami taɓo mai haske. Na zubar da ruwan na zauna kusa da tukunyar har ta huce.

Talata, 29 ga Afrilu, da hantsi

Na sake tsarin daga tushe. Na cire darduma. Na cire jan. Na cire sunanta daga shafin ma'aikata, wannan ne ya fi ɗaukar lokaci, alhali layi ɗaya ne.

Abin da ya rage: in sayi ulu daga tsofaffin yankinmu da ba su da mai kai musu kasuwa, a wanke, a taje, Inna Bessie da wasu mata uku su kaɗa su rina kalar da kowacce ta iya, kuma kowacce ta koya wa wata, a rubuta. Zare kawai zan sayar, ga masu saƙa. Ya fi na farko ƙanƙanta, ba shi da kyan gani. Amma yana tsaye da ƙafa fiye da ɗaya.

Yaya bai koma ba. Ya ce zai zauna da ita ranar Alhamis. A bakin ƙofa ya faɗa, yana kallon takalminsa.

Alhamis, 1 ga Mayu, da yamma

An yi.

Mutum ukun su ne Malama, da wata mata daga ofishin ƙananan sana'o'i na ƙabila, da wani dattijo mai shagon taya. Rolanda ce ta riga ni, ta raba musu naɗi tun kafin ta buɗe baki, dattijon ya ce wannan cin hanci ne, ya kuma nemi ƙari.

Sai aka kira ni. Matar ofis ta tsananta a kan kuɗin aikawa da kaya, na amsa wani, na ce wani ban sani ba tukuna. Sai dattijon ya ce ya ga tsarin farko, akwai darduma a ciki, kuma kowa ya san a nan riba take. Me ya sa na cire?

Na ce, "Mai saƙar ta ajiye aiki."

Ya buɗe baki zai ƙara, Malama ta ce a wuce tambaya ta gaba. Ban taɓa faɗa da baki ba sai yau, ko wannan ɗin ma rabi ne.

Na ci. Ba da yabo mai yawa ba, amma na ci. Na fito ina jiran in ji daɗi, sai na ga ƙafata ta kai ni mota.

Asabar, 3 ga Mayu, da safe

Sai jiya Yaya ya gaya mini yadda suka yi ranar Alhamis. Ya ce ya ɗauke ta a mota wai su je gari cin abinci, amma a ransa gwaji ne, ya ga yadda doguwar tafiya za ta karɓe ta. Suna hawa babban titi, duwatsun gida suka ɓace a madubi, ta fara tambayarsa shi wane ne, ina zai kai ta. Ya faɗi sunansa, ba ta san shi ba. Ta kama hannun ƙofa motar tana gudu. Da ƙyar ya tsaya. Ya juyo, bai saki rigarta ba har gida.

Ya ce, "Ba za ta kai wata biyu a can ba. Na gani." Sannan ya ce maganar da ya faɗa mini a kan shago in bar ta a inda ta faɗi. Na ce tawa ma haka. Ban gaya masa cewa tasa ta hana ni sukuni mako biyu ba.

Mun tsaya a kan haka: za a rage garken, a bar kaɗan da za su yi kiwo kusa da gida inda ido ke kai. Inna Bessie za ta riƙa wuni nan. Shi zai riƙa zuwa mako biyu-biyu. Kawunmu ya ce a nemi mai maganin gargajiya da ke warkarwa da waƙa, Yaya bai musa ba. Wannan har zuwa lokacin kaka. Bayan kaka ba wanda ya ce komai.

Talata, 6 ga Mayu, tsakar rana

Tirela ta zo ta tafi da tumakin da muka sayar. Inna Bessie ta riƙe ta a ɗaki da hira har ƙarar ta yi nisa.

Juma'a, 9 ga Mayu, da hantsi

Yau bikin kammalawa. Ba za ta je ba, ba zan sake shigar da ita ginin nan ba. Yaya zai zauna da ita. Rolanda ta ce danginta sun isa su yi wa mutum biyu ihu.

Na saka rigar karan-miski da siket, na tsaya gaban madubi ina kokawa da gashina. Ban taɓa iya ɗaurin gargajiya ni kaɗai ba, kullum sai ya karkace. Shimá tana zaune a bakin gado tana kallona. Tun safe ba ta kira sunana ba, kuma na daina gwada ta.

Can ta ce in zo in zauna, ina ɓata gashi a banza. Na zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyinta. Ta taje, ta ja har idona ya kawo ruwa, ta ninke shi, ta ɗaure da farin zare, ta ƙulle tam. Ta juyo da fuskata ta duba, ta gyara mini wuyan riga. Sannan ta cire abin wuyanta na azurfa ta rataya mini.

Ta ce, "Wa za ki aura?"

Na ce ba aure ba ne, Shimá, karatu na gama.

Ta auna maganar. Sai ta gyaɗa kai ta ce, "Gara haka. Shi ba ya dawowa gida a buge."

Yaya ya fashe da dariya daga bakin ƙofa, ita ma ta kama, ni ma, har na rasa inda dariyar ta ƙare. Ta goge mini ido da bakin kallabinta, ta ce in tashi haka nan, wanda ake jira ba ya zama.